Kujera Ɗaya a Ambilans ɗin Sayam

Shef, shugaban ofis, ya ce in zauna da ku in koya muku aikin tafinta kafin ku fara fita daji. To ga ni. Amma tun da na shigo nake ganin kowa da salula a hannu, wai akwai wani abu a cikinta da ake yi wa magana ya juya ta zuwa kowane harshe. Madalla. Ashe mu da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a tsaye tsakanin bakin wani da kunnen wani, wahalar banza muka sha. Kai mai farin tabarau, ɗazu na ji kana gaya wa abokinka aikin nan ba komai ba ne, an faɗa ka maimaita. Gaskiyarka, ɗana. Aku ma yana yi, kuma shi ba ya jiran kuɗin wata.

Ku kife salular nan ku saurara. Akwai wata kalma ta Sifaniyanci, familia. Ko wanda bai taɓa ganin Basifaniye ba zai ce maka ai iyali ke nan, a wuce wurin. Kalmar nan da kuke rainawa ita ta sa aka rufe ƙofar ambilans a Sayam da yarinya ƴar shekara tara a ciki ita kaɗai, uwarta na tsaye a waje da ƙunshin kaya a hannu. Ni na ɗauko maganar daga wannan baki na kai wancan. Za mu zo wurin, amma sai kun fara sanin wanda ke ba ku labarin.

Ni mutumin bakin Komadugu ne, wajen Geskeru. Barbarci na gidan ubana ne, Hausa ta ɗakin uwata ce, Badamagara. Fillanci na tsince shi a kasuwa wurin masu nono, Faransanci kuwa da bulala aka ɗura mini shi a lakwal, makarantar boko. Da na tashi ina jin harshe huɗu sai na ɗauka duniya ta shigo aljihuna, kamar yadda kuke ji yanzu. Aka kai ni garin Maine wurin wani tsoho, Mushe Ari, wato Malam Ari a Faransance, tafintan gidan shari'a. Shekara guda cur bai bar ni na buɗe baki a gaban alƙali ba. Aikina in tsaya a bayansa in yi shiru, in an tashi ya tambaye ni abin da na gani. Abin da na gani fa, ba abin da na ji ba.

Shari'ar da ba na mantawa ta wani dattijo ce mai dabino a kwari, raƙuma suka shiga suka cinye masa ƙananan dashe. Alƙalin yaro ne sabon zuwa daga yamma, ko sannu ba ya ji da Barbarci. Ya faɗi diyyar da ya ga ta dace. Dattijon ya miƙe, ya nuna shi da sanda, ya ce da Barbarci uban wannan yaron ko jaki bai taɓa mallaka ba, ina zai san darajar dabino. Mushe Ari ya ɗan rusuna ya ce da Faransanci, "Ranka ya daɗe, ya ce dabino yana shekaru kafin ya haihu, wanda bai taɓa dasawa ba da wuya ya san abin da aka yi asara." Alƙali ya gyaɗa kai, ya goge, ya ƙara diyyar. Da muka fito na ce, "Baba, ai ba haka ya faɗa ba." Ya kama kunnena ya murɗa sai da na ga taurari da rana tsaka. Ya ce, "Dabinonsa ya zo nema ko gidan kaso?"

Kayan aikin ba su da yawa, kada ku sa rai za a raba muku jaka. Ƙaramin littafi da fensir, don biro yana bushewa a zafin nan ya kunyata ka. Lamba, suna da rana kawai ake rubutawa, sauran a kai ake riƙewa. Gorar ruwa, don maƙogwaron da ya yi wa mutum biyu magana wuni guda ya fi na mai shela gajiya. Takalmin da za ka iya tsayuwa a cikinsa daga hantsi zuwa la'asar, ba irin wannan mai tsini da ke ƙafarka ba, kai na gefen taga. Sai wurin tsayuwa: rabin taku a baya, ta gefe, yadda su biyun za su kalli juna su manta da kai. Kuma ba ka cin abincin ko ɗaya daga cikinsu kafin a gama, ko da yunwa za ta kayar da kai. Idonka ya zauna a kan hannu da ƙafa da mayafi, don baki ya fi su iya ƙarya.

Masu hulɗa kuwa kala-kala ne, duk za ku gamu da su. Akwai Nasaran da zai yi magana minti goma ba numfashi, da lambobi da sunayen ofis-ofis, sannan ya juyo ya yi maka murmushi ya ce fassara. Akwai mai gari da za a tambaye shi rijiya nawa ke garinsa, ya fara daga kakan kakansa da ya zo da saniya ɗaya. Akwai wanda in ka kawo masa amsar da ba ya so, kai zai zaga, kamar kai ka ƙirƙiro ta. Akwai kuma mara lafiyan da za a kawo shi a amalanke, ido ya kafe, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ku je ku gaya wa lokotoro, wato likita, da sauƙi, ya sallame shi, ku ga inda sauƙin zai kai shi.

Sifaniyancin ba a lakwal na koya ba. Wata shekara ruwa ya cinye mana gona, zuciya ta ɗebe ni na bi masu tafiya arewa. Na bar tattasai a bakin Komadugu, na ƙetare sahara, na ƙetare teku, na sha wuyar da ba zan ba ku labarinta yau ba, na isa ƙasar Sifaniya. Kun san aikin da na samu? Tsinkar tattasai. Wallahi tattasai, a cikin wasu dogayen rumfuna na leda masu zafi kamar tanda. Shekara bakwai ina yi.

A can na san familia ciki da waje. Mai gonar wani ƙato ne da ake kira Pako. Duk ranar da yake so mu ƙara awa biyu a kan aiki, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Eres de la familia," wato kai ɗan gida ne. Ranar Lahadi kuma sai a jera dogon tebur a inuwa, kaka da jikoki da surukai da kawunnai su cika shi, a yi ta ci ana ihu har yamma. Wannan ma familia ce. Ɗan gida kuwa yana can cikin leda yana ban ruwa. Na lura kalmar tana buɗewa in akwai aikin yi, tana tsukewa in an kawo abinci ko takarda. Suna da wani ɗan littafi da hukuma ke bayarwa, littafin familia, miji da mata da ƴaƴan da suka haifa, shi ke nan, ba gurbin ɗan riƙo, ba gurbin ƙanin miji da ya zo kwana uku ya shekara tara. In ƴaƴan suka kai uku sai a ba su wani kati na musamman wai su familia numerosa ne, babban gida. Uku! Na gaya wa Pako mu goma sha tara ne wurin ubana, ya ajiye cokali ya tambaye ni ko ubana sarki ne.

Inda kalmar ta fi tsukewa shi ne ƙofar asibiti. Wani ɗan Mali da muke ɗaki ɗaya ya faɗi a wurin aiki aka kwantar da shi. Mu takwas muka je, mu da muka shekara huɗu muna sa hannu a tukunya ɗaya da shi. Matar da ke bakin ƙofa ta ɗaga hannu ta ce, "Solo familia." Sai familia kawai. Na ce ai mu ne. Ta ce ina takarda. Muka zauna a kan dakali muna kallon tagogi, ba mu ma san wacce ce tasa ba.

To ku da kuka ce iyali ke nan, ku gwada. Ka ce wa magidanci ina iyalinka, zai nuna maka ɗakin matarsa yana sunkuyar da kai. Ka ce ina danginka, rabin sansani zai miƙe. Ka ce mutanen gidanka, zai haɗa da makahon da suka tsinta a hanya suke ci da shi. Duk gaskiya suka faɗa. Takardar kuwa gurbi ɗaya gare ta, kuma kai ne za ka san wacce gaskiyar aka zo nema yau.

Na dawo gida da Sifaniyanci a baki ba mai saye. Na koma gonar tattasai, ina taɓa tafinta in an samu baƙi. Sai mummunar shekarar nan ta zo, kuna yara amma kun ji ta. Mutane suka yi ta ƙetaro kogi daga Najeriya da tabarma a ka da yara a hannu. Aka hana babur, aka hana kamun kifi, tattasai ya zama abin da ake ɓoyewa kamar kayan sata. Gonata tana can bakin ruwa, ina nan Diffa, ko leƙa ta ba na iya yi. Sai fararen motoci suka cika gari. A cikinsu akwai wata ƙungiya da lokotorinta Sifaniyawa ne, Faransancinsu yana ɗingishi. Aka ce akwai wani tsohon manomi da ke jin harshensu. Ranar da na shiga ofishinsu na gaishe su, kamar su goya ni. Suka ba ni riga mai aljihu goma sha biyu, suka yi mana kwana uku na horo ana manna takardu masu launi a bango, wata yarinya da ba ta kai ƙanwata ta uku ba tana koya mini yadda ake sauraron mutane.

Aka haɗa ni da Lokotoro Marta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai saurin fushi, kuma ban taɓa ganin mai aiki kamarta ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Kullum da safe mu tashi daga Diffa zuwa Sayam, inda aka tara ƴan gudun hijira, mu duba marasa lafiya a cikin tanti, kafin la'asar dole motoci su kamo hanyar gida, dokar tsaro ke nan. Wanda jikinsa ya yi tsanani a sa shi a ambilans a kawo gari. Ambilans ɗin kujera ɗaya gare ta ta mai jinya, kuma ƙa'ida ita ce sai familia ke hawa, bayan an rubuta sunansa ya dangwala yatsa. Ba mugunta ba ce, sun taɓa barin kowa ya hau, aka mayar da ita motar kasuwa.

Ranar wata Talata da safe aka kawo wani tsoho. Marta ta ce in tambaye shi me ke damunsa. Ya ce lafiya lau, ɗan sanyi ne. Ni kuwa na ga yadda ya zauna a gefen mazauninsa, na ga ɗansa na kallon ƙasa, na ji abin da suka yi ta raɗawa a layi. Na yi wa Marta bayani mai tsawo cewa fitsarin jini yake yi, kunya ce ta hana shi faɗa a gaban ɗansa. Ta ajiye abin awonta. A gaban ma'aikatan jinya, yara sa'o'inku, ta ce, "Kalma uku ya faɗa, kai ka yi huɗuba. Ni ce lokotoro. Abin da suka faɗa za ka faɗa mini, kada ka ƙara, kada ka rage." Yaran suka yi ta ƙunshe dariya. Daga baya ta auna tsohon ta tarar da abin da na faɗa, amma ba ta ce mini komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, to shi ke nan, Hajiya lokotoro, yau aku za ki samu.

Bayan azahar wata Bafillata mai suna Dije ta shigo, da jariri a baya, tana riƙe da yarinya da ƙyar take jan ƙafa. Sunan yarinyar Habsu. Zazzaɓi ya ci jininta, tafin hannunta fari fat. Marta ta ja fatar idon yarinyar sau ɗaya ta ce a kira direba, sai an ƙara mata jini a gari, yau ɗin nan. Ta jawo takarda ta ce in tambayi matar ko ɗiyarta ce.

Tantin cike yake. A layi akwai matan rugar mijinta, akwai dattawa biyu da suka san surukanta. Na tambaya da ƙarfi yadda aka ce in yi, "Wannan ɗiyarki ce?"

Dije ta ja mayafi ta kawar da kai wajen bangon tanti. Ta ce, "A'a. Ta mutane ce."

"Ta wa?"

"Ta tsohuwa ce. Tsohuwar ta rasu a hanya."

Ku da kuka tashi a ƙasar nan, akwai wanda bai gane ba? Ɗiyar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Kaka ce ke riƙonsa, shi kuma ya tashi yana kiran uwar Adda kamar yayarsa. Matan da ke layi har murmushi suka yi, an ga mace mai kunya. Fuskar yarinyar da ta Dije kamar an tsaga kara. Kuma duk maganar nan da take yi, ta kawar da kai, amma yatsanta ɗaya yana maƙale da bakin zanen yarinyar. Na gani. Shekara guda Mushe Ari ya tsayar da ni don in iya ganin irin wannan.

Na juya na ce wa Marta da Sifaniyanci mai kyau, wanda ko Pako zai yaba, "Ta ce ba tata ba ce. Ta wata tsohuwa ce, kuma tsohuwar ta rasu." Ban ƙara ba, ban rage ba.

Marta ta dubi yarinyar da tausayi, ta rubuta kalma biyu a gurbin mai jinya, sin familia, ba ta da kowa. Ta ce in mun isa gari a sanar da masu kula da marayu. Ta kira na gaba, don akwai mutum fiye da talatin a waje kuma rana na tafiya. A duk tantin nan ba wanda ya san tambayar tana da nasaba da kujerar mota. Su sun ɗauka irin tambayoyin Nasara ne da ba sa ƙarewa. Marta kuma ba ta san amsar ba amsa ba ce. Mutum ɗaya ne ya san duka biyun, yana tsaye rabin taku a baya da riga mai aljihu goma sha biyu, yana jin daɗin kansa.

Aka ɗauki Habsu aka sa a mota. Dije ta ruga bukkarta ta dawo da ƙunshi, ta tsaya nesa kaɗan da ƙofar, tana kallon wani wuri dabam. Jira take a ce mata shiga, don ba za ta nemi wurin da bakinta ba, sai an tura ta tana nuna kamar ba ta so. Wata tsohuwa ta tura ta ta ce, "Je ki mana, ki taimaka wa yarinyar mutane." Direba ya duba takarda ya ce ba a rubuta kowa ba, in ya ɗauki wanda ba a rubuta ba aikinsa ne zai tafi. Ya dube ni. Taku ashirin ne tsakanina da Marta, kalma uku ne da harshenta, ita ce uwar. Na yi lissafina na mai wayo: gobe ma mota za ta zo, kwana ɗaya ne, gobe da safe in gaya wa lokotoro a gaban yaran nan da suka yi dariya, in ga yadda fuskarta za ta yi, sannan a ɗauko uwar. Na ɗaga wa direba kafaɗa. Ya rufe ƙofa.

Washegari da safe muka taru a ofis, aka ce ba fita. An ga wani motsi a hanya, an rufe ta ga motocin ƙungiyoyi sai abin da hali ya yi. Babur an hana. Dije ba ta da salula, wanda muka sani a sansanin kuma layinsa ba ya shiga. Na sami Marta na gaya mata, ba a gaban kowa ba, don sha'awar ƴan kallo ta fita daga raina. Ta yi fari, ta yi ja, ta faɗi wasu kalmomi da na sani sarai amma ba zan fassara muku ba. Sannan ta ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Na ce ke kika ce kada in ƙara. Na ji kunyar amsar tun kafin ta gama fita daga bakina.

An sami jini an ƙara wa Habsu, ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba wanda zan ɗora wa laifi a can. Na riƙa zuwa ina zama kusa da ita, don ba mai jin Fillanci a ɗakin. Ba ta kula ni ba. Idonta na kan ƙofa, duk wanda ya turo ta sai ta ɗaga kai ta ce, "Adda?" Wata ma'aikaciya da ta san kalmar har ta rubuta a takarda cewa yarinyar tana neman yayarta, a bincika. Na ce wa Habsu Adda na zuwa. Ranar Laraba na faɗa, ranar Alhamis na faɗa. Ranar Juma'a da hantsi ta cika. Matan da ke jinyar nasu suka yi mata wanka, bayan an sauko daga masallaci muka yi mata salla, mu bakwai, ba ko ɗaya da ya san sunan ubanta. Marta ta ce ko da uwar ta biyo ta, da wuya ta tashi, an makara kawo ta. Mai yiwuwa haka ne, ita ce lokotoro. Amma da ba ta yi kwana uku tana kallon ƙofa ba.

Ranar Asabar da rana mai gadin ofis ya kira ni ya ce wata mata na nemana. Dije ce zaune a gindin bishiyar dogon yaro, da jaririn a baya da ƙunshin nan a gefe. Ta ga mota ba ta zo ba kwana biyu, ta taso a ƙasa. Ƙafafunta sun farfashe, ta ɗaure ɗaya da tsumma. Muka gaisa, ta tambayi gajiyata, ta tambayi iyalina, duk yadda ya kamata. Sannan ta ce tana kallon ƙasa, "Na ce bari in biyo in ga abin da kuka ɗauko ran Talata."

Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ɗan fari ko mutuwa ya yi ba a yi masa kuka a gaban mutane. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi. Ta tambaya ko an yi mata wanka yadda ya dace, na ce an yi. Ta tambaya wa ya yi mata salla, na ce har da ni. Marta ta fito da zanen yarinyar a ninke da wani ɗan awarwaro na roba, ta durƙusa ta ajiye a gabanta, hawaye na zuba, tana ta magana. Na fassara duka. Dije ta saurara har ƙarshe, ta kwance ƙunshinta ta sa zanen a ciki. Na ga abin da ta ɗauko tun ran Talata: ƙwarya ƙarama, ludayi, da ƙullin gero.

Ta ɗaga kai ta dube ni, karo na farko tun da na san ta.

"Malam tafinta, da Nasarar nan ta tambaye ni, me ka gaya mata?"

Na ce, "Abin da kika faɗa."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ita baƙuwa ce, ba ta san mu ba. Kai na nawa ne a ɗakin uwarka?"

"Na fari."

"Ta taɓa cewa kai nata ne a gaban mutane?"

"Ba ta taɓa ba."

"To," in ji ta. Ta miƙe ta ƙara ɗaure goyonta.

Marta na ta jan hannun rigata tana tambaya me ta ce, me ta ce. Na gaya mata, tambayoyin da amsoshina. Ta ce in roƙi matar ta kwana a nan, an buɗe hanya, gobe ambilans za ta Sayam, akwai kujera, za a kai ta har ƙofar bukkarta. Na faɗa wa Dije.

Ta ɗora ƙunshin a ka ta ce, "Ka yi mata godiya. Ka ce ran Talata nake son kujerar."

Na fassara wannan ma. Ta koma a ƙasa.